Wai daga ina zan fara girama? Amsa ga ƙanina mai D7 a Turanci

Wa'alaikumussalam ƙanina. Na ga tambayarka, kace ka zauna WAEC komai ya fito sai Turanci da ya ba ka D7, yanzu kana shirin sake zama, kuma duk littafin girama da ka buɗe sai ka ga dokoki rututu ka rasa wacce za ka fara kamawa, shi ne kake so a tsamo maka na farko-farko waɗanda ba makawa sai an san su. To madalla. Ni dai sana'ata kenan, Turanci nake koyarwa a sakandare kuma na jima da jan biro a hannu ina makin takardun yara, don haka abin da zan faɗa maka abin da idona yake gani ne a takarda kullum.

Abin da nake so ka fara ganewa shi ne, yawancin kurakuran da Bahaushe yake yi a Turanci ba wai kai ne bai ja ba, a'a, dokar Hausa yake bi tsaf amma da kalmomin Turanci. Hausarsa ce take aiki a ƙasa bai sani ba. Shi ya sa ni ba na ce wa ɗalibi ya haddace littafi daga bango zuwa bango, cewa nake ka nemo wuraren da Hausa da Turanci suka raba hanya ka tsare su, kuma wallahi ba su da yawan da kake tsammani.

Akwai ma wuraren da ka riga ka samu a ɓagas. Jerin jimla iri ɗaya ne, mai aiki a gaba, sai aikin, sai abin da aikin ya faɗa wa. Audu ya sayi mota, "Audu bought a car". In ka yi nahawu a Islamiyya ka san fa'ili da fi'ili da maf'uli, to a Larabci fi'ili yakan riga zuwa, amma Hausa da Turanci duk fa'ili suke sa wa a gaba. Haka "he" da "she", mu muna da shi da ita tun a gida, alhali Yarabanci da Ibo ba su raba namiji da mace a wannan wurin, su sai sun koya. To ka ga ba daga sifili ka taso ba.

Bari na kawo maka irin jimlar da nake cin karo da ita a takardar yara, mu feɗe ta tare:

"My brother he have went to Kaduna since three days."

Kalma goma ce amma kuskure huɗu ne a ciki, kuma duk huɗun na san daga inda suka fito. Na farko wannan "he" ɗin. A Hausa ba ka isa ka ce "yayana tafi Kaduna" a matsayin labari ba, dole ka ce yayana YA tafi, Binta TA zo, yara SUN fita, wannan ɗan ƙaramin ya, ta, sun ɗin wajibi ne ko da ka ambaci sunan mutumin. Turanci kuma ba ya son haka, in ka ambaci suna shikenan ka wuce kai tsaye zuwa aikatau, "My brother went", "Binta came". Ko suna ko wakilin suna, ɗaya za ka ɗauka. Sauran ukun kuma duk matsalar aikatau ce da lokaci, kuma nan ne zan daɗe domin nan ne ake zubar da maki.

Duba yadda Hausa take nuna lokaci. Na sayi, zan sayi, nakan sayi. Kalmar aikin tana zaune abinta, ɗan abin da ke gabanta ne yake canzawa. Turanci kuwa ita kanta kalmar aikin ce take sauya kama, "buy" ta koma "bought", "go" ta koma "went" ta koma "gone". Kowane aikatau yana da siffa uku da dole ka sani. Mafi yawansu masu sauƙin kai ne, "ed" kawai ake liƙa musu, "play, played, played". Amma akwai masu taurin kai wajen 200, kuma abin haushi su ne waɗanda aka fi amfani da su kullum, "eat, ate, eaten", "see, saw, seen", "take, took, taken", "write, wrote, written", wasu ma ba sa motsi sam kamar "put" da "cut" da "hit". Waɗannan kam babu dabara, hadda ce, ka riƙa ɗaukar biyar-biyar kana rera su kamar karatun allo har su zauna. In na ga yaro ya rubuta "putted" ko "buyed" na san ya gane doka, haddar ce bai yi ba.

To yanzu ga dokar da in ka riƙe ta ita kaɗai rabin jan biron takardarka zai tafi. Kowane ɗan mataimakin aikatau yana da siffar da yake yarda ta biyo shi. Bayan "do, does, did", da "will, can, must, should, may", da "to", aikatau tsirara yake zuwa babu ko ɗigo a jikinsa. "Did you go?" ba "did you went" ba, saboda "did" ya riga ya ɗauke nauyin lokacin da ya wuce, ba a ɗora shi sau biyu. "She can cook", ba "can cooks" ba. Bayan "have, has, had" siffa ta uku ce, "has gone", "have eaten", shi ya sa "have went" ɗin can ta faɗi. Bayan "am, is, are, was, were" kuma ko dai mai "ing", "he is writing", yana rubutawa, ko siffa ta uku idan aikin a kansa aka yi, "it was written", an rubuta shi. Shikenan fa. Ka rubuta wannan a bangon littafinka na ciki.

Sai maganar "s" ɗin nan da take rikita kowa. A jikin suna "s" jam'i take nufi, "boy, boys". A jikin aikatau kuma akasin haka, tilo take bi, "the boy plays" amma "the boys play". Yadda nake gaya wa yara shi ne, tsakanin mai aiki da aikinsa "s" ɗaya ce tal, in tana jikin wannan ba ta jikin wancan. Wato "he, she, it" ko sunan mutum ɗaya ko abu ɗaya, a lokacin da ake maganar abin da aka saba yi, su ke karɓar "s", "he goes", "she has", "it does". "I" da "you" ba ruwansu da ita duk da cewa mutum ɗaya ne. Saboda haka "my brother have" kuskure ne, "my brother has" ake cewa. Masu shirya jarabawa suna son ɗana tarko da "everybody", "nobody", "each", amma kai Bahaushe bai kamata ka faɗa ba, ai kowa YA sani kake cewa ba kowa sun sani ba, to haka ma "everybody knows". Inda za ka yi hattara shi ne "people" da "police", jam'i ne, "people are", "the police are". Sannan "news" duk da "s" ɗin da ke wutsiyarta tilo ce, "the news is good".

Wani wurin da Hausa take haɗewa Turanci ya raba shi ne "na ci". Na ci abinci jiya, na ci abinci yanzu ba na buƙata, duk na ci ne. A Turanci biyu ne, "I ate" da "I have eaten". Hanyar rabewa mai sauƙi ita ce, in dai ka ambaci lokacin da ya riga ya wuce, "yesterday", "last week", "in 2020", "two days ago", to kada "have" ta shigo. "I saw him yesterday" daidai ne, "I have seen him yesterday" ba daidai ba ne ko da kuwa ka ji manya suna faɗa a rediyo. "Have" tana zuwa ne in ba ka damu da yaushe ba, sakamakon ne a gabanka yanzu, "I have finished", na gama ga shi nan. Haka "tun" namu, tun jiya, tun kwana uku, duk tun ne, amma Bature ya raba, "since" na bin wurin da aka faro, "since Monday", "since 2019", "for" kuma na bin tsawon lokacin, "for three days", "for ten years". To waccan jimlar in an gyara ta sai ta koma "My brother has been in Kaduna for three days", ko kuma "My brother went to Kaduna three days ago", ya danganta da abin da yaron yake nufi, ko zaman yake ba da labari ko tafiyar.

Akwai kuma tarkon "ina". Tun a firamare aka koya mana ina tafiya "I am going", ina ci "I am eating", sai kai ya ɗauka duk inda aka ga ina sai a sa "am" da "ing". Daga nan ake samun "I am having a car" don ina da mota, da "I am hearing you" don ina jin ka. Akwai aikatau da ba aiki suke nunawa ba, hali ne ko yanayi, su "have" ta mallaka, "know", "understand", "want", "like", "believe", "need", a ƙa'ida ba a sa musu "ing" a wannan ma'anar. "I have a car". "I want water". "I can hear you". Juyin wannan kuma shi ne inda Hausa take amfani da siffar abin da ya wuce alhali yanzu take nufi, na sani, na gane, na yarda, na gaji. Yaro sai ya rubuta "I knew" ko "I have tired", alhali "I know", "I understand", "I agree", "I am tired" ake so. Af, "I am agree" ma babu ita, "agree" aikatau ce da kanta. Sannan shekaru, ina da shekara ashirin ba "I have twenty years" ba ne, "I am twenty years old" ne, 'yan'uwanmu na Nijar sun fi shan wahalar wannan domin Faransanci ma da mallaka yake faɗin shekaru kamar Hausa, abin ya zame musu biyu.

Tambaya kuma, mu da murya kawai muke yin ta, ka ci abinci, ka ci abinci? kalmomin ba su motsa ba. Turanci sai an juya, mataimaki ya dawo gaba, "Are you coming?", "Have you eaten?", in babu mataimaki a jimlar a aro "do", "Do you know him?", "Where did she go?". Amma in tambayar ta shiga cikin wata jimla sai ta koma zamanta na asali, "I don't know where he is", ba "where is he" ba. Ga wani da yake haɗa mutane rigima har a intabiyu. In aka ce maka ba ka je ba? kai da Hausa sai ka ce e, ban je ba. To kada ka kai wannan Turanci. "Didn't you go?" amsarta "No, I didn't" in ba ka je ba, "Yes, I did" in ka je. "Yes" ba ta zama da "not" a amsa ɗaya. Haka ɗan jelar nan ta ko ba haka ba, mu guda ɗaya ta ishe mu ko'ina, shi ya sa mutane suke liƙa "isn't it" a komai, alhali jelar tana bin mataimakin jimlar ne, "You are coming, aren't you?", "She left, didn't she?". Wannan yana fitowa sosai a tambayoyin zaɓi, maki ne na banza in ka san shi.

Bari mu koma kan suna. "A", "an", "the". Kada ka ce Hausa ba ta da su, tana da wani abu mai kama. In ka ce na ga wani yaro, yaron yana kuka, wani yaro ɗin shi ne "a boy", yaron kuma da aka riga aka sani shi ne "the boy". Wannan n da r da muke liƙawa a yaron, motar, kusan aikin "the" suke yi. Inda aka bambanta shi ne mu muna iya barin suna haka nan, shi malami ne, na sayi littafi, Turanci kuwa in abu ɗaya ne kuma ana ƙirga shi dole wani abu ya tsaya a gabansa, "He is a teacher", "I bought a book". Zaɓi tsakanin "a" da "an" kuma kunne ake bi ba ido ba. "An hour" da "an honest man" saboda ba a furta h ɗin, amma "a university" da "a uniform" saboda da sautin y suka fara.

Jam'i bayan lamba shi ma Hausa ce take ja mana. Mota biyu, shekara goma, buhu hamsin, lafiya lau a Hausa ba sai ka ce motoci ba tunda lambar ta riga ta faɗa. A Turanci dole "two cars", "ten years", "fifty bags". Haka "one of my friends", da "s", domin ɗaya ne daga cikin masu yawa. A ɗaya gefen kuma akwai sunayen da ba a ƙirga su kuma ba sa karɓar "s" ko kusa, amma a Najeriya mun mayar da su 'yan gida, "informations", "advices", "furnitures", "equipments", "luggages", duk babu su. "Some information", "a piece of advice". Za ka gan su a allon shaguna har da takardun ofis, wannan bai mayar da su daidai ba a wurin mai makin takardarka. Da waɗannan ake cewa "much", masu ƙirguwa kuma "many". Sifa ma ba ta jam'i, mu mukan ce farar mota, fararen motoci, su "white car, white cars", farin bai motsa ba. Kuma mota da rana da ƙasa duk "it" ne, ba "she" ba, duk da mu ita muke ce musu.

Su "in, on, at" ba zan yaudare ka ba, sai a hankali, domin mu "a" ɗaya muke da ita, a Kano, a kasuwa, a ranar Litinin, a shekarar 2023. Na lokaci dai suna da tsari, "at" na agogo, "at 5 o'clock", "on" na rana da kwanan wata, "on Monday", "on 1st October", "in" na wata da shekara, "in June", "in 1960". Na wuri "in Kano", "at the gate", "on the table". Sauran kuwa ka riƙa haddace su tare da kalmar da suke bi, "good at", "interested in", "afraid of", "married to", "congratulate on". "Discuss" ba ta son "about", "enter" ba ta son "into" in ɗaki ake shiga. Irin su "borrow me your biro" da "off the fan" kuma Turancin titi ne, ka yi abinka da abokai amma a takarda "lend me" da "switch off" za ka rubuta. Magani ma "take" ake yi ba "drink" ba.

Wanda WhatsApp ya kawo mana kuma yake ci min tuwo a ƙwarya shi ne "Am fine", "Am coming". Ina "I" ɗin ta tafi? "I am" ne ko "I'm", kuma "I" kullum babban baƙi ce ko a tsakiyar jimla take. Sunayen mutane da garuruwa da ranaku da watanni su ma da babban baƙi. "Your" da "you're", "its" da "it's", "there" da "their", "lose" da "loose", "been" da "being", ka zauna rana ɗaya ka raba su ka huta. Masu ɗan waƙafi a sama gajarta kalma biyu ne, "you are", "it is", in ka warware ka ga jimlar ba ta tafi ba to ɗayar ake so.

Me ya sa nake ta nanata waɗannan ƙananan abubuwa? Saboda yadda ake makin insha'i a WAEC. Ana so ka rubuta kalma 450, maki 50 ne, 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na yadda ka sarrafa harshe, 10 kuma na tsabtar rubutu, wato girama da rubutun kalma da alamomi. A wannan goman na ƙarshe kowane kuskure rabin maki ake cirewa, ka ga kuskure 20 sun cinye shi tas, kuma yaro da yawa kafin ya gama shafin farko ya riga ya yi su. Sannan kurakuran nan suna ja maka ƙasa a wancan 20 ɗin ma, don mai maki ba zai ce ka iya sarrafa harshe ba alhali takarda ta yi jajir. Tsakanin D7 da C6, wato inda kiredit yake farawa, sau da yawa ba wani nisa ba ne, irin waɗannan ne. JAMB ma Turanci dole ne ga kowa, tambaya 60, sauran darussa uku 40 kowanne.

Shi ya sa ba na goyon bayan masu haddace manyan kalmomi don su burge. Yaro zai cusa kalma mai gaɓa biyar a jimlar da aikataunta ya karye, mai maki ba ya ba da ko rabin maki don girman kalma, karyayyen aikataun zai zagaye. Gajeriyar jimla mai lafiya ta fi. In ka ga jimlarka ta kai layi uku kana ta "and" da "so" to sa aya ka fara sabuwa, mu a Hausa muna jan magana da sai, sai, sai kuma ta yi daɗi, a Turancin jarabawa wannan jan shi yake sa ka manta da wa ka fara har aikatau ya saɓa.

Abin da zan ba ka ka yi, kullum ka rubuta jimla goma kan abin da ka yi jiya, goma kan abin da ƙanwarka ko abokinka yake yi kullum, na farko zai horar da kai siffar abin da ya wuce, na biyu zai horar da kai "s". In ka gama ka bi da biro ka ja layi ƙarƙashin kowane aikatau ka tambayi kanka abu biyu, wa ya yi aikin, kuma wane mataimaki ne a gabansa. Ka samu wani wanda ya fi ka ya riƙa duba maka ko sau ɗaya a sati ne, don kuskuren da ka saba da shi idonka ba ya ganinsa. Ka nemi tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO ka riƙa yi da agogo a gabanka. Ka riƙa karanta jarida ta Turanci da ƙarfi kuma, ko shafi ɗaya, kunne yana kama abin da hadda ba ta kamawa.

Ka kuma tambaya ko Turancin Ingila za ka bi ko na Amurka tunda wayarka tana gyara maka "colour" zuwa "color". Makarantunmu Turancin Ingila suke bi, "colour, centre, travelled", don haka shi za ka riƙe, kuma kada ka gauraya biyun a takarda ɗaya. Ka shiga saitin kibod ɗin wayar ka mayar da shi na Ingila. In ka rubuta jimlolin farko guda ashirin ɗin ka turo min in duba maka, amma ka rubuta da hannu a takarda ka ɗauki hoto, kar ka buga a waya ta gyara maka kafin na gani.